Motar da Yaya Ta Roƙa

Shekarar da ɓarin jikin maigidana ya shanye ban san shigowar zafi ba, ban san fitarsa ba. Mutane suna ta cewa bana an sha rana a Madina. Ni dai abin da na sani shi ne ɗaki, banɗaki, kicin, sai ƙofar gida inda motarsa take tsaye.

A unguwar Harra ta Yamma muke, a ƙasan wani tsohon gida mai hawa biyu. Shi a nan garin aka haife shi. Kakanninsa ne suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka yi shekaru a Sudan suna noma kafin su ƙetaro. Ni kuwa daga Azare aka kawo ni ina amarya, ko sunan tumatir da Larabci ban sani ba. 'Ya'yanmu biyu ne suka rayu, namiji da mace, duk sun yi aure sun bar gidan. Suna jin Hausa sarai, amma in na yi musu magana da Larabci suke ba ni amsa, tun ina faɗa har na bari.

Motar farar bas ce, irin mai ƙofar da ake ja gefe. Da ita ya ci da mu. Ya daɗe yana kai malamai mata makarantun ƙauyukan bayan gari, ya fita bayan sallar asuba, sai bayan azahar ya dawo a galabaice. Daga baya, da yawancinsu suka sayi motocin kansu, ya koma ɗaukar 'yan makarantar unguwa. Wata Juma'a da safe yana wanke ta, na ji ruwa yana ta zuba ba a kashe ba. Na leƙa na gan shi zaune a ƙasa ya jingina da taya, tiyo na malala a kan ƙafarsa, yana kallona yana so ya yi magana bakin ya ƙi.

Da aka sallamo mu daga asibiti, hannun dama da ƙafar dama ba sa amsawa. Magana kuwa sai ɗaiɗai, kalma ɗaya yanzu, wata sai an jima, kuma Larabcin ne ya fara dawowa. Cikin kalmomin farko da ya iya fitarwa har da "sayyara", wato mota. Na ɗauka tambaya yake ko motar tana nan, na ce tana nan. Ya girgiza kai, ya murza hannun hagu a iska. A nan na gane. So yake a riƙa tayar da ita kullum, kada batir ya mutu.

Ban taɓa zama a kujerar direba ba, amma haka muka fara. Kullum da safe, in na wanke shi, na sauya masa kaya, na ba shi shayi da magani, sai in ɗaga shi daga gado zuwa keke. Mutum ne mai jiki. In sa kafaɗata a hammatarsa, in yi bismilla, in juya da shi. Sannan in saka abaya, in tura keken waje. In buɗe motar zafi ya buso min kamar an buɗe tanda, in hau in murza makulli. Shi kuma ya karkata kai yana sauraron inji. In ya gamsu ya ɗaga hannu, in kashe. In bai gamsu ba mu yi ta zama, shi a inuwar bango, ni a ciki gumi na bin bayana.

Ɗanmu yana zaune a unguwar Khalidiyya da iyalinsa, ranar Juma'a yake zuwa. Tun watannin farko ya ce min, "Ummi, khalas, ya isa haka, a sayar da ita. Baba ba zai ƙara tuƙi ba, ke ma kin sani." Na ce ya faɗa masa da kansa. Ya shiga ya faɗa, uban ya kalle shi kallo ɗaya ya juya fuska ga bango. Ba a sake tayar da zancen ba. Ana nan tayoyi suka sace, ƙura ta rufe gilashi, maguna suka mai da ƙarƙashinta ɗakin haihuwa. Rannan muka fito muka tarar ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, sun liƙa takarda a gilashin gaba, cewa motar da aka bari a titi ba ta motsi za a janye ta in ba a ɗauke ba. Na ɓamɓare ta da wuƙa kafin ya lura da kyau. Na san dai za su dawo.

A wannan tsakanin ne Yaya ta zo. Yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme shi nesa ba kusa ba. Ƙyanda ce ta tafi da idanunta tana ƙarama, amma ita ta goye shi, ita ta yaye shi lokacin da uwarsu ke fita sayar da gyaɗa. Har yau Auta take ce masa, ni kuma Amarya, duk da furfurar da ke kaina. Mijinta ya rasu tuni, ba ta haihu ba, tana zaune a unguwar Aziziyya wajen 'yar ƙanwarta. Akwai wata ƙungiya mai kula da makafi da take zuwa tana koya wa mata hadda.

Ranar ta iso a fusace. Mai tasi ya sauke ta a layin da ba namu ba, ta tsaya a rana tana ta sallama ba mai amsawa, sai da wani mai shago ya fito ya rako ta. Ina buɗe ƙofa na ji sandarta ta bugi motar. Ta tsaya, ta shafa jikinta, ta murza ƙurar da yatsu.

"Amarya, wannan gawar har yanzu ba a binne ta ba?"

"Yaya, yi a hankali, zai ji ki."

"Don ya ji na faɗa."

Ta sha ruwa, ta huta, ta laluba ta zauna a bakin gadonsa ta kama hannun da ya shanye tana matsawa. Ta tambaye shi jiki, ya ce alhamdu lillah. Daga nan ba ta yi wani kewaye-kewaye ba.

"Auta, roƙo na zo yi. Ka ba mu motar nan. Mota ɗaya gare mu a markaz, can ƙungiyarmu, ita ke kwaso maza, ita ke kwaso mata. Ɗalibaina rabi ba sa zuwa, ba don ba sa so ba, babu mai kawo su. Kai kuma ga taka nan tana ruɓewa a rana. Ka ba da ita sadaka, lada ya riƙa zuwar maka kana kwance."

Ya zare hannunsa da na hagun. "La," ya ce da Larabci, wato a'a.

"Ban ji ba."

"La!"

"To me za ka yi da ita? Tuƙawa za ka yi?"

Ya kau da kai. Yaya ta ci abincinta tas, ta yi la'asar, ta sa na kira mata mota ta tafi. Ni aka bar wa sauran. Ya ƙi cin abinci ranar, washegari ya ture kofin magani ya zube a kan zanin gadon da na shimfiɗa da safe. Na kira ta a waya na ce, "Yaya, kin zo kin tayar min da aiki kin yi tafiyarki." Ta ce, "Ai ba ke na roƙa ba." Na ce ni ce dai ke wankin. Ta yi dariya, ni ban yi ba.

Ni a raina ban damu da wa za a bai wa motar ba. Ko makafi, ko masu sayen ƙarfe, ko baladiyya. So nake kawai in buɗe ƙofa da safe in ga ba ta nan. Amma ban taɓa faɗa masa haka ba, domin in muka fito ya karkata kai yana sauraron injin nan, lokacin kaɗai ne fuskarsa take komawa irin tasa ta da.

Abin da ya sauya al'amarin ba magana ba ce, bayana ne. Wata safiya na sa kafaɗa na ɗaga shi kamar kullum, sai na ji wani abu ya tsinke min a ƙugu. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Na dai samu na jingina shi, rabinsa a keke rabinsa a gado, ni kuma na zube a ƙasa. Na yi ƙoƙarin tashi na kasa. Wayar tana kicin. Muka zauna haka, yana riƙe da ƙarfen gado da hannu ɗaya kada ya zame, ni ina kallon ƙafafunsa. Ban yi niyyar kuka ba, sai na ji yana zuwa.

Na ce, "Malam, na gaji. Wallahi na gaji."

Ya daɗe yana kallona. Ya buɗe baki, kalmar ta ƙi zuwa. Daga baya da rarrafe na kai kicin na kira 'yarmu.

Likita ya ce in kwanta, kada in ɗaga ko butar shayi. 'Yarmu ta riƙa zuwa da safe kafin ta wuce aiki, ɗanmu da yamma, su biyun suna ɗaga shi suna kwantarwa. Yaya kuwa da ta ji labari sai ga ta da jakarta, ta ce ta zo zama. Na ce a raina an ƙara min wata jinyar. Ashe ba haka ba. Cikin kwana kaɗan ta haddace gidan, ta san inda kowace tukunya take. Ita ke ba shi abinci, tana taɓa haɓarsa da hannu ɗaya tana kai cokali da ɗayan, in ya kau da kai ta ce, "Buɗe, na yi maka wannan kana tsirara." Zancen mota ba ta sake yi ba. Duk tsawon kwanciyata kuma ba wanda ya tayar da ita, domin yaran a gaggauce suke zuwa, a gaggauce suke tafiya.

Ranar Juma'ar da na fara iya takawa, ya matsa wa ɗanmu sai an fitar da shi. Muka fita duka, ni ina dafa bango, Yaya na biye da sandarta. Ɗanmu ya hau ya murza makulli. Motar ta yi wani ɗan ƙara ta yi shiru. Ya sake, ko ƙaran ma babu.

"Batir ya mutu, Baba," ya ce da Larabci.

Uban ya yi masa alama ya sake. Ya sake. Shiru.

Yaya ta laluba ta ja ƙofar gefe, ta zauna a matakalar motar cikin ƙura, ta aje sandar a cinyarta. Na zata za ta ce ai ta faɗa. Ba ta ce ba. Sai ta fara ba da labari kamar da ni take.

"Akwai wata ɗalibata, Amarya, ba tsohuwa ba ce sosai, ba ta kai ki ba. Ciwon suga ne ya cinye idonta da girmanta. Da ɗinki take yi, ita ke zuwa kasuwa da kanta ta zaɓo yadi. Mu da muka tashi a haka ba mu san abin da muka rasa ba, amma ita ta sani. 'Ya'yanta suna fita aiki su kulle ta a ciki don kada ta faɗi a bene. Sau biyu ta zo karatu, ranar da maƙwabcinsu ya samu hali. Yanzu sai dai ta kira ni a waya. Ba ta cewa komai, sai ta ce in karanta mata ta ji murya." Ta juya fuskarta wajen da numfashinsa yake. "Kai yanzu ka san zaman ɗaki, Auta. Da ba ka sani ba."

Ya nuna ƙofa, aka mai da shi ciki. Bai ci abincin rana sosai ba. Bayan la'asar ina zaune kusa da shi ina ninke kaya a kan cinya, sai na ji ya ce, da Hausa, "A ba su."

Na ce, "Motar?"

Ya ɗaga kai. Can kuma ya ƙara, da ƙyar, "Gyara. Tukuna."

Na gane nufinsa. Ba zai ba da mushe da sunan sadaka ba.

Na ɗauka daga nan an gama, ashe an fara ne. Takardun motar sun daɗe da ƙarewa, kuma ba a sauya sunan mai mota sai ta ci jarrabawar lafiyar mota da ake kira fahas. Shi kuma ba ya iya sa hannu, sai da aka yi wa ɗanmu wakilci a hukumance. Aka kira motar ɗaukar mota ta kai ta wajen makanikai. Aka sauya batir da tayoyi, aka kai ta fahas ta faɗi, wai hayaƙi da birki. Aka mai da ita, aka sake kaiwa, ta sake faɗuwa a kan fitila. Ɗanmu yana fita daga aiki ya wuce can, ya dawo min da baƙin mai a farar rigarsa yana huci. "Ummi, da sayarwa aka yi aka ba su kuɗin, da tuni an huta." Na ce ni ma na sani, je ka faɗa wa ubanka. Kullum uban sai ya tambaya, "Sayyara?" in ce tana wajen gyara. In ɗanmu ya zo kuma ya tsare shi da ido sai ya yi bayanin abin da aka sauya, ɗaya bayan ɗaya.

Da ta ci jarrabawar, wani dattijo daga ƙungiyar ya zo ganinta, shi ma makaho ne, direbansu na riƙe da gwiwar hannunsa. Ya shiga ya zauna a kowace kujera, ya taka matakalar ya sauka ya sake hawa, ya ce a ƙara ƙarfen riƙewa a bakin ƙofa saboda tsofaffi. Sannan ya shigo ya gaida maigida, ya zauna aka kawo gahawa da dabino.

Ya kira shi baffa da Larabci don girmamawa, ya ce, "Ya ammi, Allah ya saka da alheri. Amma zan faɗa maka gaskiya don kada ka ji daga baya. Ana ba mu motoci, wasu sukan zame mana nauyi. Taka ta tsufa. Za mu yi aiki da ita iyakar ƙarfinta. Ranar da gyaranta ya fi amfaninta, za mu sayar mu sa kuɗin a hidimar mutanenmu. Ka yarda da haka?"

Na kalli maigida, na ce yanzu zai ce a'a mu koma gidan jiya. Sai kawai ya ce, "Tayyib," wato ya yarda.

Kafin ranar miƙawa na share cikinta, a hankali saboda bayana. Na fitar da tsohon matashin da yake sawa a bayansa, da kofin shayinsa, da carbi, da tarin 'yan ƙananan abubuwan daure gashi da yara suka yar a ƙarƙashin kujeru shekara da shekaru. Na zuba su a leda na rasa inda zan kai, har yau suna saman firji.

Da safen ranar ya ce a sa masa farar riga da hula. Ɗanmu ya fito da shi. Direban ƙungiyar, wani magidanci mai sanyin magana, ya karɓi makulli ya durƙusa ya gaishe shi. Maigida ya nuna masa ƙofar gefe, ya ce, "Ɗaga." Direban bai gane ba, na ce masa ƙofar takan cije, sai an ɗan ɗaga ta sama kafin a ja. Ya gwada, ta buɗe, ya yi murmushi. Wani da suka zo tare ya fito da waya zai ɗauki hoto, maigida ya ɗaga hannu ya ce la, aka mayar da wayar aljihu. Direban ya tayar da ita, ya yi baya a hankali, ya miƙe layin ya sha kwana wajen shagon burodi. Inda ta tsaya sai baƙin tabon mai da ƙasar da iska ta tara. Kafin azahar maƙwabcinmu ya aje tasa motar a wurin.

Na zata zan huta. Aikin safe ya ragu, gaskiya ne, ba hawa mota ba zama cikin tanda. Amma sai ya daina son fita gaba ɗaya. In na ce mu je ƙofar gida ka sha iska, ya girgiza kai. Ya koma kwanciya da kallon silin, jikinsa ya ƙara nauyi, har gyambon kwanciya ya fara fito masa a ƙugu, ya zama sai an riƙa juya shi a kai a kai. Yaya ta koma Aziziyya. Aka samo wani ma'aikacin jinya yana zuwa da safe ya ɗaga shi ya yi masa wanka, sauran yinin kuwa ni ce. Akwai ranakun da na zauna a kicin na ce da ma an bar masa abarsa. Na faɗa wa Yaya haka a waya. Sai ta ce a sanyaye, abin da ba ta saba ba, "Wataƙila. Ni ma ban sani ba, Amarya."

Bayan wasu makonni ta kira ta ce in shirya gobe da safe, za su biyo su ɗauke ni in ga inda motar take zuwa. Na ce wa zan bar wa shi? Ta ce ta riga ta yi magana da 'yarmu, ta ɗauki hutu. Na kawo uzuri iri-iri, ta ce ita dai za su tsaya a ƙofa su yi ta hon har maƙwabta su fito.

Suka zo kuwa. Tun daga ɗaki ya ji ƙarar injin, ya ɗago kai daga matashi. 'Yarmu ta tura gadon kusa da taga ta ɗaga labule. An rubuta sunan ƙungiyar a jikinta da shuɗin fenti, an sa ƙarfen riƙewar. Ya kalla, ya kalla, sannan ya ce da ni, "Je ki."

Mata ne cike a ciki, sanduna a naɗe a kan cinyoyi. Yaya ta ce, "Ga matar mai motar," sai hannuwa suka yi ta miƙowa suna neman nawa, ana ta addu'a, wata da Larabci, wata da Hausar Nijar, wata da Hausar da ta sha Sudan. Na ji kunya, don ni ba abin da na bayar. Muka ci gaba da kwasar mutane layi-layi. A wani gida direban ya sauka ya tsaya a ƙasan bene, wata mata ta sauko a hankali tana ƙirga matakala da ƙafa. Da ta shigo Yaya ta taɓa ni ta ce a kunnena, "Mai ɗinkin ce." Ta zauna kusa da ni. Ba ta yi magana da yawa ba. Ta dai shafa hannun abayata ta ce ɗinkin bakin ya fara warwarewa, in kawo mata ta gwada ko hannunta bai manta ba.

Hira suke ta yi, wadda surukarta ta ɓata mata rai, wadda jikanta ya ɓoye mata sanda, tsadar tumatir, ana dariya ana katse juna. Sanyin na'ura na busowa, motar na jijjiga a hankali. Ba wanda yake jiran in ɗaga shi, ba wanda zai kira ni. Na jingina kaina da gilashi don in ɗan rufe ido.

Ban san mun iso ba. Yaya ce ta girgiza ni, ta kama hannuna, ita makauniya ita ke jana, ta kai ni wani ɗaki mai kafet ta ce in zauna a bayan aji. Na jingina da bango ina jin suna biya karatu, na sake tafiya. Da na farka an idar da azahar, wata ta lulluɓe ni da mayafinta, an aje min ruwa da dabino a gefe. Na tashi a firgice ina neman waya. Yaya ta ce, "Zauna. Na kira gida, ya ci abinci, bai mutu ba."

Da na dawo ya tsare ni da ido, na zauna na ba shi labari tun daga farko, layin da muka bi, matan da aka ɗauka, yadda direban yake rage gudu a kan tudun titi. Ya tambaya, "Birki?" Na ce lafiya lau. Ban gaya masa rabin tafiyar barci na yi ba, sai Yaya ce ta tona ni daga baya, ya yi 'yar dariyar da ke fita ta gefen baki ɗaya.

Motar ta yi musu aiki fiye da shekara. Daga nan giyarta ta lalace a hanya, dattijon ya kira ɗanmu da kansa ya ce sun sayar, sun haɗa da abin da wasu suka bayar sun ɗauki hayar wata. Na yi kwanaki ina juya yadda zan faɗa masa. Da na faɗa, sai ya tambaya ko matan suna zuwa karatu har yanzu. Na ce suna zuwa. Ya rufe ido.

Yana nan da rai, jikin sai a hankali. Yaya ma ƙafa ta fara hana ta fita, yanzu ta waya take sauraron haddar wasu ɗaliban, kuma 'yar ƙanwar tata ta fara zancen za su ƙaura Jidda saboda aikin mijinta. Ba wanda ya ce min komai tukuna kan inda Yaya za ta zauna, amma na sa ɗanmu ya kwashe tarkacen da ke ƙaramin ɗaki, ya duba ko na'urar sanyin ciki tana aiki.